Wayar Nazifi Tana Hannuna

Tun da na dawo daga Doha ban huta ba. Malaman makarantarmu suna tambayata ko da gaske ne ba a ganin ko leda ɗaya a titinsu, maƙwabta suna jiran tsaraba, mazan unguwa kuwa, waɗanda a da da ƙyar suke amsa gaisuwata, yanzu har tsayar da mashin suke yi su ce, Malama Rakiya, ya yaronmu, ƙwallo nawa ya ci? Na gaji da maimaitawa, kuma duk maimaitawar da na yi sai raina ya ƙara ɓaci. Shi ya sa na zauna na rubuta gaba ɗaya. Duk wanda ya ga kansa a ciki, to da shi nake.

Ga wanda bai sani ba, Nazifi ƙanena ne, autanmu. Yana firamare Baba ya rasu, Inna ma ba ta jima ba ta bi shi, don haka a hannuna ya tashi. Ƙwallo yake bugawa, a baya yake tsaro. Wasu masu neman 'yan wasa suka gan shi a wata gasa a Kaduna, suka kai shi wata ƙungiya a Doha, aka sa shi cikin ƙananan 'yan wasanta, waɗanda ake reno, ba waɗanda ake nunawa a talabijin ba. Ƙungiyar ce kafil ɗinsa, wato takardar zamansa a ƙasar a hannunsu take. Idan kakar wasa ta ƙare, koci zai zaɓi waɗanda za a ɗaga zuwa babbar ƙungiya, sauran kuma da yawansu tikitin gida ake miƙa musu. Lokacin da na tafi, wasa ɗaya ya rage masa.

Amma je ka Funtua ka faɗi wannan. A Funtua Nazifi ya riga ya gama zama tauraro, jira kawai ake Turawa su zo da jirgi su ɗauke shi. Hotonsa na manne a bayan Keke Napep, mai shayin bakin layinmu ya sa wa teburinsa sunansa. Uban tafiyar shi ne Sani mai gidan kallo, wanda bai taɓa ganin yaron ya buga wasa ko ɗaya a can ba, amma kullum yana da labarin ƙungiyar Turai da ke zawarcinsa. Da suka ji ƙawata Dakta Maryam, wadda muka yi sakandare tare kuma take aikin asibiti a Doha, ta nema min bizar ziyara, sai ga Sani da tawagarsa da wani ƙaton ƙyalle. An buga hoton Nazifi a jiki, kansa ya kai girman faranti, an rubuta a ƙasa wai Sarkin Raga. Yaron da aikinsa hana ƙwallo shiga raga. Na so in ce ba zan ɗauka ba, sai na ga dattawa a cikinsu, na ji nauyi na karɓa.

Motar haya na hau zuwa Kano, ta Malumfashi da Gwarzo. Tsautsayi ya sa direban ya ji sunan Nazifi a bakin wanda ya rako ni tasha. Tun daga nan bai rufe baki ba. Shi ma, in ji shi, da bai samu targaɗe ba da yanzu yana Turai. Ya ba ni saƙo in gaya wa yaron ya daina tsayawa a baya kamar mai gadin kasuwa, ya riƙa kutsawa gaba. Yana cikin nuna min yadda ake sa kai a ƙwallo, hannu ɗaya a sitiyari, taya ta fashe gab da Gwarzo. Muka sauka muka tsaya a rana, sai ga shi ba shi da jak mai aiki, sai da wata mota ta ara masa. Na ce masa, Malam, ka fara iya tsaron motarka tukuna. Bai sake yi min magana ba har Kano, na gode Allah.

Jirgin ba ni da abin faɗa a kansa sai sanyi da kunne da ya toshe min. A filin jirgin Doha aka fara yi da ni. Wata ma'aikaciya sanye da baƙar abaya ta sa na buɗe jaka, ƙullin daddawa ya yi mata sallama, ta ja da baya tana toshe hanci. Ta ɗaga ledar kuka, ta ga gari kore shar, ta dube ni kamar ta kama babbar mai laifi. Na tattaro ɗan Larabcin Islamiyya na ce mata abinci ne, miya ake yi da shi. Larabcin nawa na littafi ne, ita da abokin aikinta suka kwashe da dariya, ina jin kamar na yi musu huɗuba. Suka bar min kukar da yaji, suka riƙe daddawar. Daga nan suka warware ƙyallen Sani. Namijin ya daɗe yana kallon hoton, ya ce shi mai bin ƙwallon ƙasarsu ne sosai, wane ne wannan? Na faɗi sunan, na faɗi ƙungiyar. Ya ce ƙungiyar ya san ta, yaron ne bai taɓa jin sunansa ba. Ya naɗe min ƙyallen cikin ladabi ya ce Allah ya ba shi sa'a.

A Al Gharrafa Dakta Maryam take, gida mai kyau, sanyin na'ura kamar cikin firji, waje kuma kamar ka leƙa tanda. Abin da ya fi ba ni mamaki shirun unguwar. Ba mai leƙowa ya ce a sam masa gishiri, ba yaro da tallan komai, ba a zuwa gidan mutum sai an buga waya. Na tambaye ta sunan maƙwabciyarta ta ce ba ta sani ba, suna dai ɗaga wa juna hannu daga cikin mota. Na ce wannan ai zaman kurkuku ne. Daga baya na gane akwai ranar da mutum zai so a ce ba wanda ya san sunansa. Ranar farko ta sayo mana shinkafarsu da suke ce wa majbus, dafa-duka ce da naman rago, da daɗi ba laifi, sai dai na ga wani baƙin abu a ciki na zaci nama ne na gatsa, ashe busasshen lemon tsami ne, har hawaye sai da na yi. Shayinsu kuwa, karak, mutum yana zaune a mota zai danna ham a kawo masa har taga. Na ce da a Funtua ne ka yi wa mai shayi ham, sai ka ji abin da ya fi shayin zafi.

Washegari Dakta tana aiki, na ce zan je wajen Nazifi da kaina a jirgin ƙasansu da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Ta ajiye ni a tasha, ta ce in sauya jirgi a Mushairib in sauka a Mansura. Jirgin ba direba, wannan ma sai da na yi ta salati. A Mushairib na ɓace. Matakala mai tafiya da kanta ta hau da ni, wata ta sauko da ni, na dawo inda na baro. Ina tsaye ina mita ni kaɗai, sai na ji an ce, Hajiya, ina za ki? Wani mai gadi ne cikin yunifom, Bakatsine. Daɗi ya kama ni kamar na ga ɗan ɗakinmu. Ya raka ni har bakin jirgin da zan hau, muna tafe yana tambayata wajen wa na zo. Ina faɗin sunan ya tsaya cak. Ya ce ai duk Hausawan Doha sun san Nazifi, suna zuwa kallonsa, amma don Allah in yi masa magana, ya cika noƙewa a baya, har yau bai ba su ƙwallo ko ɗaya sun yi murna ba. Na yi masa godiyar rakiya, sauran maganar na haɗiye ta.

Mansura ta fi kama da gari. Ƙananan shaguna, ƙamshin soye-soye, shanya a baranda, Indiyawa da 'yan Sudan da namu. Nazifi yana wani bene, ɗaki ɗaya su uku da wasu 'yan wasan. Ya buɗe ƙofa na dube shi. Ya yi tsawo, ya murje, amma idanunsa sun faɗa irin na wanda ba ya samun barci. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Muna zaune ina kaɗa masa miyar kuka ba daddawa, wayarsa na kan katifa tana ta zuu, zuu, kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba. Na ce wa ke nemanka haka? Ya miƙo min. Saƙonnin murya ne, ba iyaka. Na kunna na Sani: wai duk gari an zuba ido, wasan ƙarshe sai ya ci, ya riga ya yi wa mutane alkawari. Na kunna wani, wai an haifi yaro an sa masa sunansa, kada ya ba su kunya. Wani ma faɗa yake yi, wai girman kai ya fara tunda bai amsa ba jiya. Kuma kowanne sai ya saurara ya amsa, ya ce to Baba, to Yaya, in sha Allah.

A nan ya zaunar da ni ya fahimtar da ni aikinsa, don ni ban san ƙwallo ba. Ya ce ranar da ya fi yin ƙoƙari ita ce ranar da ba a ambaci sunansa ba, don ba abin da ya wuce ta wajensa. Kocinsu, wani dattijo ɗan Tunisiya, ya ce masa shi ne sakatar ƙofa. Idan suka samu bugun kusurwa, dogayen duka suna tafiya gaban ragar abokan karawa, shi kaɗai ake bari a tsakiyar fili saboda ya fi kowa gudu, ko da ƙwallo za ta dawo. Ya ce kocin yana sonsa ne don abu ɗaya, yana jin magana. An ma raɗa masa cewa sunansa na cikin waɗanda za a ɗaga, in dai wasan ƙarshe ya tafi lafiya.

Ranar Juma'a, wadda ita ce hutunsu, aka kai ni gidan Alhaji Bala. Injiniya ne a wani kamfanin gas, mutumin Funtua, kuma abokin Baba ne tun suna samari. Zan faɗi gaskiya a kansa ko da ina fushi: shi ya tarbi Nazifi a filin jirgi, duk Juma'a a gidansa yake cin tuwo, da ya yi zazzaɓi shi ya kwana a kansa. Nazifi Baba Alhaji yake ce masa, ba ya haɗa ido da shi. Shi ne kuma shugaban masu zuwa kallo, shi yake kwasar direbobi da masu gadi a bas. Na miƙa masa ƙyallen Sani, ya yi ta murna. Muna cin abinci ya shiga bayani, wai masu sayen 'yan wasa ƙwallo suke ƙirgawa, ba wanda zai zo daga Turai don ya sayi mai gadi. Na ce, Alhaji, ai na ji koci ya ce ya tsaya a baya. Ya yi dariya ya ce, Rakiya 'yata, ke da alli da allo aka san ki, bar mana maganar ƙwallo. Nazifi yana gefe kansa a ƙasa yana juya loma.

Washegari bayan magariba aka buga wasan, saboda zafi. Abin da mutanen gida ba su sani ba, kuma nake so su sani, shi ne filin ba kowa. Kujeru reras, fitilu kamar rana, ciyawa kamar darduma, amma 'yan kallo in ka cire wasu iyaye 'yan kaɗan da ma'aikata masu riƙe da takardu, to namu ne kawai. A irin wannan fili ko tari ka yi ɗan wasa yana ji. A Funtua ihu yana narkewa cikin ihu, ba wanda ya san me wani ya ce. A can kowace kalma tana sauka a kunne da sunan mai ita. Namu suka ɗaure ƙyallen, wani ya kifa jarkar ruwa ya mayar da ita ganga. Ni da Dakta muka zauna can gefe.

Yaron ya buga wasa, ko ni da ban sani ba na gani. Akwai wani dogon baƙin ɗan gaba na ɗaya ƙungiyar, duk inda ya juya Nazifi na nan. Sau da yawa sai in ga kamar ya wuce, sai in ga ƙwallo ta koma. Kocin yana tsaye ya harɗe hannu, yana gyaɗa kai. Namu kuwa ba wannan suka zo gani ba. Ya ƙwace ƙwallo, shiru. Ya miƙa wa na kusa da shi, sai tsaki. Har aka kusa tashi ba wanda ya ci wani.

Sai ƙungiyarsu ta samu bugun kusurwa. Dogaye suka tafi, Nazifi ya tsaya a tsakiya inda aka ce ya tsaya, dogon nan na kusa da shi. Mai jarka ya dakata. Alhaji Bala ya miƙe, ya gyara hula, ya tattara murya. Bai ce yalla ba, wato maza-maza da Larabci, kamar yadda suka yi ta faɗa tun farko. Da Hausa ya kira shi, irin kiran da ake yi wa yaro daga zaure.

“Nazifi ɗan Malam Garba. Ni ne Bala nake kiranka. Tafi ka sa kai, don darajar mahaifinka.”

Na ga yaron ya waiwayo. Ya dubi benci, kocin yana nuna masa ƙasa da yatsa, yana cewa ya tsaya. Ya sake duban inda muke. Alhaji ya ƙara kiran sunan Baba. Wallahi na ga leɓen Nazifi ya motsa, na san na'am ya ce. Ya ruga. Kafin ya kai, an bugo ƙwallon, mai tsaron gida ya naushe ta ta wuce ta samansa, ta faɗa gaban dogon nan shi kaɗai, fili fetal. Nazifi ya juyo ya bi shi da gudun da ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba, ya kusa, amma kusa ba ta hana komai ba. Ƙwallo ta shiga. Ba a jima ba aka busa tashi. Kocin bai yi ihu ba, bai ko dubi Nazifi ba, ya ɗauki gorar ruwansa ya shige.

A wajen ajiye motoci na tarar da su sun riga sun samo masu laifi. Wannan ya ce alƙalin wasa ne, dogon ya yi satar gida. Wancan ya ce golansu ne rago. Alhaji yana cewa khalas, wato shi ke nan, ƙaddara ce, da ƙwallon ta same shi ai da yanzu wani labari ake. Ni ba a san ni da ɗaga wa babba murya ba, kuma ban ɗaga ba. Na ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, in kana wajen aikinka ka riƙe abin da aka ce kada ka saki, wani ya zo bakin ƙofa ya kira ka da sunan mahaifinka, za ka saki? Kai gobe za ka koma ofis. Shi ina zai koma?” Ya ce ai don alheri ya yi. Na ce na sani, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na je na kwance ƙyallen da hannuna na cusa a kwandon shara.

Da safe na koma Mansura, wannan karon ban ɓace ba. Yana zaune a bakin katifa, wayar tana ta aikinta. Na yi niyyar lallashi, amma bakina ya riga ni. Na ce kai ba ka da hankali ne, ba kai ka gaya min aikinka da bakinka ba? Ya ce, “Yaya, babba ne ya kira ni, da sunan Baba, a gaban mutane. Ke kika ce duk inda nake in babba ya kira ni in ajiye abin da ke hannuna in amsa.” Ni na koya masa, kuma ban yi nadama ba, ko gobe aka ba ni yaro haka zan koya masa. Haushina yana kan manyan da suka san yaro ba zai iya ƙin amsawa ba, suka mayar da ladabinsa abin wasa don su samu na faɗa a majalisa.

Da rana kocin ya kira shi. Na jira a wani shagon karak har ya fito. An cire sunansa daga waɗanda za a ɗaga, wani yaro ɗan ƙasa aka sa. Ba a sallame shi ba dai. Za a bar shi da ƙananan har tsakiyar kaka mai zuwa a sake dubawa, in bai yi ba shi ke nan. Ya ce kocin bai yi masa faɗa a kan ƙwallon ba, tambaya ɗaya ya yi masa: a cikin fili, kocinka nawa? Nazifi ya ce mutum ɗaya. Kocin ya ce shi jiya ya ga fiye da haka, kuma ba zai ɗora ƙungiya a kan sakatar da kowa zai iya zarewa daga waje ba.

Muna zaune a shagon karak ɗin, sai wayar ta sake ɗaukar zuu. Sani ne. Nazifi ya kai hannu, na riga shi. Na ce tashi mu je. Muka shiga wani shagon waya a nan Mansura na saya masa ƙarama, irin mai tocila, da sabon layi. Mutum uku ke da lambar: ni, da Dakta Maryam, da ƙungiya. Na yi zaton zai yi gardama. Sai na ga ya sauke wata ajiyar zuciya, ya ce, Yaya, to in sun ce na yi girman kai fa? Na ce su zo su same ni. Alhaji Bala kuwa na je har gida na durƙusa na gaishe shi, na ce tuwon Juma'a muna godiya, a ci gaba, amma filin wasa don Allah a bar masa. Fuskarsa ba daɗi, ya ce ya ji. Ko zai cika ban sani ba, Dakta dai ta ce za ta sa ido. Daren da zan taho ta gaya min yaron ya yi barci har sai da aka tashe shi sallar asuba.

To ga amsarku. Titinsu ba leda, gaskiya ne. Tsaraba dabino ne, ya ƙare. Ƙwallo kuwa bai ci ko ɗaya ba, kuma wadda kuka matsa sai ya ci ita ta hana shi hawa, saura ƙiris ta dawo muku da shi gida ku samu sabon abin yi da baki. Masu cewa sun kira lambarsa sun ji muryar mace, ba aure ya yi ba, ni ce. Tsohuwar wayar tasa na taho da ita, tana cikin jakata, tare da jan biro da alli, ina cajinta kullum. Jiya ma ina tsakiyar aji Sani ya kira, bai ko yi sallama ba ya ce, Sarkin Raga, yaushe za ka ba mu ƙwallo? Na ce na'am, Sani, Rakiya ce, faɗi saƙonka. Sai ya kashe.

Ku ci gaba da kira, ba na gajiya. Shi yana can tsaye inda aka ce ya tsaya. Duk wanda ya kira sunansa daga yau, babba ne ko yaro, ni zan amsa.